Matsayin Mai Jinya a Zanen Ginin Asibiti

Akwai ra'ayin da wani daga cikin masanan zanen gini ya kafe a kai, cewa asibiti wuri ne na likita da majinyaci kaɗai, saboda haka zane guda ya wadatar da kowace ƙasa, dangi kuwa iyakarsu bakin ƙofa sai lokacin dubiya.  Mas'alar da nake jayayya da shi a kanta ita ce ta mai jinya.

Duk wanda ya san yadda ake kawo mara lafiya babban asibitin Kankiya daga ƙauyukan Kusada da sauran ƙauyukan da ke kewaye, ya san ba ya zuwa shi kaɗai, domin da zarar an ba shi gado, uwa ko ƙanwa ko matarsa ce za ta dama masa kunu, ta wanke masa tufafi, ta je sayo magani, ta kwana kusa da shi har ranar sallama. Zanen da bai yi la'akari da wannan mace ba, a ganina, ya manta da wani sashe na masu aikin jinyar, alhali kuwa ita ce ke farke da dare lokacin da malamin asibiti guda yake kula da gadaje masu yawa.

Hujjar masanin zanen ginin, wadda ba ta rasa ƙarfi ba, ita ce cunkoso yana yaɗa cuta, musamman a ƙasar da ta ga annobar sanƙarau ta 1996, take kuma fama da amai da gudawa a damina. Amma hana wa dangi wuri a takarda ba ya hana su zuwa. Illa iyaka su shimfiɗa tabarmi a baranda da ƙarƙashin gado, ba famfo, ba makewayi, wanda shi ne ainihin haɗarin da ake gudu. Da za a keɓe musu rumfa mai iska, da madafa, da wurin alwala da wanki, nesa kaɗan da ɗakin masu cutar da ake ɗauka, da tsaftar da yake nema ta fi samuwa. Magabatanmu sun warware irin wannan a gidan Bahaushe, inda baƙo ke tsayawa a zaure, na kusa ya wuce shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami. Wannan daraja-daraja ta shiga ita ce ɗakin haihuwa ya fi buƙata, domin matar da ta san maza za su ratsa ta gabanta tana naƙuda, ba mamaki ta zaɓi haihuwa a gida. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ma ya raba sashen maza da na mata.

Sai dai ba zan ce gini yana warkarwa ba. Binciken Roger Ulrich na 1984, wanda aka cika kafa hujja da shi, majinyata 46 ne kacal a wani asibiti na Amurka, inda waɗanda tagarsu ke duban itatuwa suka riga masu duban bango komawa gida da abin da bai kai kwana guda ba. Da'awata ta fi wannan ƙanƙanta: cewa inuwa da iska a zafin bazara, da suturar mace, da makwancin mai jinya, suna cikin dalilan da ke sa iyali su yarda a kwantar da nasu, su kuma haƙura har likita ya sallame shi. Wannan abu ne da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya za su iya ƙididdigewa, ta hanyar tambayar iyalan da suka ɗauke majinyacinsu kafin sallama.