Injin yankan ƙarfe na hannu

Injin yankan ƙarfe na hannu, wanda masu walda ke kira giranda ko fayilin, na'ura ce mai aiki da lantarki ko batir wadda ke juya faifai da matuƙar gudu domin yanka ƙarfe, goge walda ko wasa kayan aiki. Kamfanin Ackermann + Schmitt na ƙasar Jamus ne ya fara ƙera irinsa mai saurin juyi a shekarar 1954, da sunan Flex, kuma har yau Jamusawa da wannan suna suke kiran sa.

Amfaninsa a kudancin Katsina

A yankin Funtua da Malumfashi, da garuruwa irin su Bakori, Danja da Kafur, da wuya a sami shagon walda da babu shi. Da shi ake yanka rodi da fayif na ƙofofi da tagogi, a gyara amalanke da injin sussukar masara. Gab da faɗuwar damina kuma manoma kan kawo garmar shanu da fartanya a wasa musu baki. Maƙera da dama sun haɗa shi da aikinsu na gargajiya.

Faifai da gudunsa

Yawancin haɗarin injin daga faifai yake fitowa. Ƙaramin inji mai ɗaukar faifan milimita 115 yana juyi kusan 11,000 a minti ɗaya, babba mai ɗaukar milimita 230 kuma kusan 6,500. An tsara faifan yanka ne kada gefensa ya wuce gudun mita 80 a daƙiƙa, wato kilomita 288 a awa. Saboda haka ake rubuta iyakar juyin kowane faifai a jikinsa, kuma dole wannan adadi ya kai na injin ko ya fi shi.

Matsalar ita ce ramin tsakiyar faifan ƙarami da na babba girmansu ɗaya ne, milimita 22.23. Wannan ya sa idan babban faifai ya cinye ya ragu, wasu sukan ɗaura shi a ƙaramin inji don kada a yi asara, su cire murfin kariya domin ya sami wurin shiga. Kuskure biyu ke nan a lokaci guda: faifan yana gudun da ya fi ƙarfinsa, ga shi babu abin da zai tare ɓaraguzansa idan ya tarwatse. Kuɗin da aka tsimi bai kai na ɗinki ɗaya a asibiti ba. Mafi muni shi ne ɗaura zarton katako mai haƙora, domin haƙoran kan kama itace su wurgo injin kan mai riƙe da shi.

Faifan yanka siriri ne, daga milimita 1 zuwa 3, kuma a tsaye ake shigar da shi cikin ƙarfe. Ba a goge abu da gefensa, don zai iya karyewa. Faifan guga ya fi kauri, kusan milimita 6, ana kwantar da shi kaɗan a kan aikin. Faifai ma yana tsufa ko ba a taɓa amfani da shi ba: ƙaron da ya haɗa shi yana lalacewa, musamman a wuri mai danshi, shi ya sa ake buga ranar ƙarewar wa'adinsa a zoben ƙarfen tsakiya, galibi shekara 3 daga ƙera shi.

Yadda ake aiki da shi

Kafin a canza faifai ana zare filogi daga soket, kashe maƙunna kawai bai isa ba. Sabon faifai kuma a bar shi ya yi juyi na kamar minti ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba, ana kauce wa saitinsa. Ana riƙe injin da hannu biyu, a ɗaure ƙarfen a bayis maimakon a take shi da ƙafa ko a sa yaron shago ya riƙe. Idan ƙarfen ya matse faifai yayin yanka, injin kan yi tsalle ya dawo baya, don haka ake tallafe aikin yadda tsagar za ta buɗe, ba ta rufe ba.

Akwai wani haɗari da ya shafi ɗauke wuta. Injina da yawa maƙunnarsu tana makalewa a kunne. Idan wuta ta ɗauke ko janareta ya mutu aka ajiye injin haka nan, da zarar ta dawo sai ya tashi da kansa a ƙasa.

Babbar riga, rawani da hannun riga mai faɗi duk faifai na iya naɗe su.

Ido da gobara

Ana buƙatar tabarau na kariya mai haske wanda ya rufe gefen ido. Baƙin gilashin walda yana hana ganin layin yanka, tabaran rana kuwa ba ya tare komai. Idan ɓurɓushin ƙarfe ya makale a ido, ba a murzawa kuma ba a cirewa da tsinken ashana, domin yana barin tsatsa a ƙwayar idon cikin sa'o'i kaɗan. Asibiti ake zuwa, kuma mai tsanani akan tura shi manyan wurare irin su Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Tartsatsin injin yana tafiya mita da dama. A yankin da ake tara auduga, karan dawa da ƙaiƙayi, musamman da hunturu, tartsatsi ɗaya kan shiga tarin auduga ya yi ta ci a ɓoye kafin a ga hayaƙi. Haka nan ba a yanka duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko da ya bushe, domin tururin da ya rage a ciki shi ne ke fashewa.