Rawar Sukotland mai sunan jirgin ƙasan Japan

1/ Jama'a, cikin raye-rayen gargajiya na Sukotland akwai wadda aka raɗa wa suna Shinkansen, wato jirgin ƙasan nan na Japan mai gudun tsiya. Me ya haɗa kifi da kaska? Ku biyo ni.

2/ Irin rawar nan, maza ne ke jeruwa a layi guda, mata a ɗaya, ana fuskantar juna. A farkon ƙarni na 20 ta kusa ɓacewa, sai a 1923 Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa ƙungiya a Glasgow don tattara tsofaffin raye-rayen a littafi. Ita ce RSCDS ta yau, mai rassa har a Tokyo.

3/ Abin da ya fi burge ni, masu rawar ba su tsaya kan adana na kaka da kakanni ba. Kowa na iya tsara sabuwa, ya rubuta takunta, ya sa mata suna. Haka Hugh Thurston ya tsara The Flying Scotsman, da sunan jirgin Landan zuwa Edinburgh, inda masu rawa ke bin juna a jere kamar taragu.

4/ To Shinkansen fa? Ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1964, kwanaki kaɗan kafin Olamfik na Tokyo. Kilomita 515 zuwa Osaka, gudu har kilomita 210 a awa. A ganina rawar da ake ƙidaya kowane taku da kiɗa ta dace da jirgin da ba ya wasa da lokaci.

5/ Amma zumuncin ya girmi 1964 nesa ba kusa ba. A 1865 wani ɗan kasuwa ɗan Sukotland, Thomas Glover, ya nuna wa mutanen Nagasaki ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da tururi. A 1873 Henry Dyer, wanda ya yi karatu a Glasgow, ya je Tokyo ya shugabanci kwalejin injiniyoyi ta gwamnati, ko shekara 30 bai cika ba.

6/ Ɗalibai ma sun bi hanyar. Kaichi Watanabe ya yi karatu a Jami'ar Glasgow, ya yi aiki a ginin gadar Forth. Ku nemo hoton nan na 1887: mutum uku na nuna yadda gadar ke ɗaukar nauyi, shi ne a tsakiya, zaune a kan katako yana reto. Har a takardar fam 20 ta Bank of Scotland an taɓa buga shi.

7/ Yau reshe ya juye da mujiya. Tun 2018 jiragen lantarki na Hitachi ke jigila tsakanin Glasgow da Edinburgh. A 2019 kuma shi kansa Flying Scotsman ya koma kan jirgin Hitachi mai suna Azuma, wato "gabas" a tsohon Japananci.