Allon sarrafa gida ta salula: abin da ya kamata ya nuna a gidan mai sola

Allon sarrafa gida, wanda ake kira tableau de bord da Faransanci, shafi ne guda a cikin salula da ke tattara bayanan na'urorin gida, ya kuma ba mai gida damar kunna su ko kashe su daga inda yake. A Turai an fi cika shi da launin fitilu da labulen taga. A Kwaya da sauran garuruwan Magarya da Dungass buƙatar daban ce, domin gidaje da shaguna da dama sun dogara ne ga faifan sola da batir. Ko inda layin NIGELEC ya isa, ba a manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar.

Saboda haka batir ne ya cancanci saman allon, da manyan lambobi. Batirin darma mai volt 12 yana nuna kusan 12.7 idan ya cika kuma ya huta, yana nuna kusan 12.2 idan ya kai rabi. Zuƙe shi ƙasa da rabi kowane dare na rage masa kwana sosai, kuma shi ne kayan da ake yawan sake saye a tsarin sola. Dabara mai sauƙi ita ce a ba lambar launi: kore sama da 12.4, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja ƙasa da 12.2. Sai dai lambar takan yi ƙarya idan firiji na aiki ko rana na caji, don haka karatun asuba ya fi gaskiya. Batirin lithium kuwa volt ɗinsa ba ya sauka sosai sai ya kusa ƙarewa, gara a duba kason da na'urar auna caji ke nunawa. Zafi ma abin sa ido ne: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 na iya raba rayuwar batirin darma biyu, kuma ɗakin kwano a watan Afrilu ya wuce haka nesa.

Bayan batir sai jadawali. Injin ɗaga ruwa zuwa tanki da firijin ƙanƙara su yi aikinsu tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana ke ba da wuta kai tsaye, su tsaya da kansu idan lamba ta yi ja. Zanen abin da faifai suka samar a kwana bakwai shi ma yana da amfani a lokacin hunturu: idan layin na sauka kullum alhali ba hadari, ƙura ce ta rufe faifan, a goge.

Matsalar da masu sayar da kayan ba su cika faɗa ba ita ce rezo. Yawancin makunnai masu arha na Tuya ko Sonoff suna bi ta intanet ne, kuma a bakin iyaka salula takan tsallaka layin Najeriya. Home Assistant, manhajar kyauta da Paulus Schoutsen ya fara a 2013, tana aiki cikin gida a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ba tare da intanet ba, kuma tana barin a rubuta sunan kowane maɓalli da Hausa, a sa masa hoto. Maɓalli huɗu ko biyar sun isa, yadda uwargida da yara za su gane, kuma a bar makunnin hannu a bango.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Abdou Maman Kané, na kamfanin Tech-Innov, ya ƙirƙiro Télé-Irrigation, tsarin da manomi ke kunna injin ban ruwa mai sola da kiran waya. Ya samu babbar kyautar ruwa ta Hassan II a 2015 a Koriya ta Kudu. Tsarin na aiki da ƙaramar salula mai maɓalli, abin da ya dace da masu lambu da rake a fadamun Korama.