Sanƙarau da Kurumta a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, lokacin ƙura da zafi, sanƙarau kan ɓulla a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi. Yaro ya kwana da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, ya kasa sunkuyar da kai.

Wanda ya tashi ma wani lokaci ciwon kan bar masa tabo. Ƙwayar cutar tana ratsawa can cikin kunne ta lalata sashen ji, sai uwa ta yi ta kira yaro bai waiwayo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin biyar na waɗanda suka warke yakan samu nakasa, ciki har da kurumta.

Allurar rigakafi ta MenAfriVac, da Nijar ta fara yi a 2010, ta karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar, amma nau'in C ya haddasa annoba a 2015.