Tsakanin Nisa da Haske: Tarihin Kyamarori Biyu da Waya Ta Kasa Turewa

A shekarar 2012, cikin 'yan watanni kaɗan, kamfanoni biyu na Japan suka fitar da kyamarori biyu waɗanda in aka ajiye su gefe da gefe, mai saye na iya rantsewa an yi kuskure wajen sa musu kuɗi. A watan Yuni Sony ya fito da RX100, 'yar ƙarama mai shiga aljihun riga, nauyinta gram 240, zuƙowarta kuwa ba ta kai ninki 4 ba. A watan Satumba Canon ya biyo baya da PowerShot SX50 HS, ƙatuwa mai doro da mariƙi kamar ta ƙwararru, wadda ke zuƙo abu har ninki 50. Amma ƙaramar ce ta fi tsada. Dalilin yana ɓoye a cikinsu, a wani ɗan faranti mai karɓar haske da ake kira sensa, kuma labarinsa ya girmi kyamarorin biyu da kusan shekara ɗari.

Mafarin shi ne garin Wetzlar na Jamus. A can ne Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz, ya ƙera wata ƙaramar kyamara gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ɗora mata fim ɗin sinima, ya keɓe wa kowane hoto fili mai faɗin milimita 36 da tsayin 24. Ita ce ta shiga kasuwa da sunan Leica a 1925. Wannan fili na Barnack ya zama mudun awo, har yau da shi ake gwada komai. Idan an ce gilashin kyamara milimita 24 ne, ana nufin yana ɗauko fili mai faɗi, kamar ɗaki sukutum. Milimita 50 ya yi kusa da yadda ido ke gani. Daga 300 zuwa sama kuwa an shiga sahun masu jawo nesa kusa. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ba ta da sassauci: gwargwadon girman filin da hoto zai sauka, gwargwadon tsawo da kaurin gilashin da zai cika shi.

Gilashi mai zuƙowa ya iso kyamarorin wannan fim a 1959, lokacin da Voigtländer ya fitar da Zoomar, mai tafiya daga milimita 36 zuwa 82. A ƙarshen shekarun 1980 sai ga wani sabon jinsi, irin su Ricoh Mirai ta 1988 da Olympus IS-1000 ta 1990. An yi su ne don mutumin da ƙaramar kyamara ta yi masa kaɗan, amma ba ya son ɗawainiyar canza gilasai kamar ƙwararru. Suka zauna a tsakani, aka laƙaba musu sunan kyamarorin gada. Sai dai fim ya ɗaure su. Tun da filin hoton bai canza ba, dukansu biyu a milimita 35 zuwa 135 suka tsaya, wato ƙasa da ninki 4.

Abin da ya kwance su, talauci ne. Da aka koma hoton dijital a shekarun 1990, sensa ya maye gurbin fim, shi kuwa daga silikon ake yanka shi, kuma babba yana da tsada ƙwarai, domin lahani guda kan ɓata farantin gaba ɗaya. Kamfanoni suka koma kan ƙanana, waɗanda ba su kai farcen ɗan yatsa ba. Nan injiniyoyi suka ga cewa rashin ya zo da riba: ƙaramin sensa ɗan tsakiyar hoton kawai yake kamawa, saboda haka gajeren gilashi a kansa yana ba da kusancin da sai dogo ke bayarwa a kan fim. Olympus C-2100 ta shekarar 2000 ta kai ninki 10. Panasonic FZ1 ta 2002 ta kai 12. Daga nan aka shiga tsere, kowace shekara lambar da ke jikin kwali tana ƙaruwa, har Nikon ya kai ninki 83 da Coolpix P900 a 2015, sannan 125 da P1000 a 2018.

Ya kamata a tsaya kan P1000, domin ita ce iyakar wannan tunani. An rubuta mata milimita 24 zuwa 3000, amma wannan lissafin mudun Barnack ne. Ainihin gilashinta daga milimita 4.3 yake zuwa 539. Sensanta, mai faɗin kimanin milimita 6.2 da tsayin 4.6, shi ke ninka kusancin sau biyar da rabi da ɗan ɗoriya. Nauyinta kilo 1.4 ne. Don a gane girman abin, gilashin Canon na milimita 1200 da aka yi wa cikakken filin fim, wanda bai kai rabin wannan nisa ba, kilo 16.5 ne shi kaɗai, ba a ɗora masa kyamara ba. Wato abin da a da sai hukuma ko babban gidan jarida ke iya mallaka, ya dawo wuyan malamin makaranta mai sha'awar tsuntsaye. Nikon ya san masu sayensa sarai, don a jikin maɓallin zaɓi ya ware gurbi guda na ɗaukar wata, guda na tsuntsu.

Kuɗin da aka biya shi ne haske. Sensa kamar faranti ne da aka ajiye a tsakar gida lokacin ruwan sama: abin da zai tara ya dogara da faɗinsa. Na kyamarorin gada bai wuce murabba'in milimita 28 ba. Na RX100 ya kai 116, ninki huɗu ke nan. Wanda ake kira APS-C yana kusa da 370, cikakken filin Barnack kuwa 864. Da rana tsaka bambancin ba ya fitowa sosai. Da zarar magariba ta kawo jiki, ko an shiga ɗaki, sai ƙaramin sensa ya fara cika hoto da dusa-dusa, na'urar cikinsa ta yi ƙoƙarin gogewa, fuskoki su fito sumul kamar an shafe su da man kaɗe. Kuma daidai lokacin da aka zuƙo zuwa ƙarshe, ƙofar hasken P1000 takan tsuke daga f/2.8 zuwa f/8, a wurin da aka fi bukatar saurin ɗauka saboda rawar hannu. Akwai kuma abin da babu injiniyan da ya iya magancewa, wato iskar da ke tsakani. Duk wanda ya san hazon hunturu ko rawar da zafin rana ke sa iska yi a kan kwalta, ya san cewa gilashi zai jawo abin da ke nesa tare da duk ƙurar da ke gabansa.

Sunayen sensa ma kansu suna da ruɗi. Wanda ake kira mai inci ɗaya, faɗinsa milimita 13.2 ne, tsayinsa 8.8, ko ta kusurwa aka auna bai kai milimita 16 ba, alhali inci ya haura 25. An gaji sunan ne daga bututun gilashi na kyamarorin talabijin na shekarun 1950, inda ake auna kaurin bututun maimakon filin da ke karɓar hoto. Bututun ya tafi, awonsa ya zauna, 'yan talla kuma ba su ga dalilin gyarawa ba.

Ɗaya hanyar, ta cusa babban sensa a ƙaramin jiki, ta daɗe ba ta buɗe ba. Sony ya gwada a 2005 da DSC-R1, amma ta tashi kusan kilo guda, ba ta aljihu ba ce. Sigma ya nuna DP1 a 2006, ba ta iso kasuwa ba sai 2008. Hotunanta sun burge, saurinta kuma ya gwada haƙurin masu ita. Wadda ta juya akalar ita ce Fujifilm X100, da aka nuna a baje kolin Photokina na Jamus a 2010, ta fito a 2011: sensa APS-C, gilashi guda daidai da milimita 35, babu zuƙowa ko kaɗan, siffarta kuma ta tsofaffin kyamarorin fim. Mai son kusanci sai ya taka da ƙafa. RX100 ta zo bayanta da sassauci, ta rage sensa zuwa inci ɗaya don ta samu 'yar zuƙowa, Ricoh kuma ya sa APS-C a cikin GR a 2013.

Ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa waɗannan suka bayyana a shekarun nan. A 2010 kamfanonin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121, mafi yawansu ƙananan nan masu araha, masu ƙaramin sensa da gajeriyar zuƙowa. A 2023 jimillar ba ta kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ta cinye tsakiyar kasuwar, domin duk abin da kyamarar araha ke yi ita ma tana yi, ga shi kuma nan take za a aika hoton. Abin da ya tsira shi ne gefe biyun da sirantakar waya ta hana ta isa. Babu wurin dogon gilashi a cikinta, babu kuma isasshen wurin babban sensa da gilashin da zai ciyar da shi. Kyamarar gada ta gudu zuwa nisa, ta aljihu ta gudu zuwa haske.

An yi ƙoƙarin haɗa su. Sony RX10 ta 2013 ta ɗauki sensan inci ɗaya ta tsaya a milimita 200, Panasonic FZ1000 ta 2014 ta kai 400, RX10 ta uku kuma ta kai 600 a 2016. Kyamarori ne masu kyau, wataƙila mafi daidaito a duk wannan tarihi, amma ba su karya ƙa'idar ba, biyan ta suka yi: ta ukun ta haura kilo guda, kuɗinta ya kama na kyamarar ƙwararru, nisanta kuma kashi ɗaya ne cikin biyar na P1000.

Saboda haka tambayar wacce ta fi ba ta da amsa sai an san inda mai ɗauka zai tsaya. Wanda aka tsare a bayan taro ranar hawan salla, mahaya na can nesa cikin hasken hantsi, ko mai bin tsuntsayen dausayin Haɗeja da Nguru, babban sensa ba zai cece shi ba. In ya yanko ɗan ɗigon da ya kama don ya faɗaɗa, ba abin da zai rage. Wanda aikinsa ke cikin mutane, a zaure, a kasuwa da yamma, a wurin biki da dare, ninki 125 nauyi ne kawai a wuyansa. Kuma mafi yawan hotunan da mutane ke ɗauka a rayuwarsu na kusa ne, cikin haske maras yawa, abin da lambar jikin kwali ba ta faɗa. Ita lambar rabo ce kawai tsakanin ƙarshen gilashi da farkonsa, 3000 a raba da 24, ba ta cewa komai game da kyawun hoto. Ta daɗe tana sayar da kyamara ne don ta fi murabba'in milimita sauƙin fahimta a bakin kanti.

A 'yan shekarun nan kasuwa ta karkata gefe guda. A ƙarshen 2022 matasa a TikTok suka ɗauki X100V, bukata ta fi ƙarfin masana'anta, har Fujifilm ya dakatar da karɓar oda na wani lokaci, ta hannu kuma ta riƙa fin sabuwa tsada. Da magajiyarta X100VI ta fito a Fabrairun 2024 da megafiksel 40, sai da aka mayar da ƙirarta Sin don a ƙara yawa, duk da haka masu saye suka yi ta jiran layi. Shekara guda bayan haka Nikon ya fitar da P1100. Gilashinta na 2018 ne, sensanta yana nan a girmansa da megafiksel 16, babban abin da aka sauya shi ne ramin caji.