Yadda Maganaɗisu Ya Shiga Ɗakin Tiyata

A Dungu, gefen birnin Tamale na ƙasar Gana, inda jami'ar UDS take da harabarta, ɗaliban likitanci kan bar aji su nufi Asibitin Koyarwa na Tamale domin su ga karatunsu a jikin majiyyaci. An kafa jami'ar a 1992, zamanin Jerry Rawlings. Asibitin ya girme ta, tun 1974 aka buɗe shi. Cikin kayan aikin da dole su sani akwai wani ɗan maganaɗisu mai siffar zobe wanda bai cika tafin hannu ba, labarinsa kuwa daga Suwidin ya faro.

Ranar 8 ga Oktoba, 1958, a asibitin Karolinska, likitan fiɗa Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar daidaita bugun zuciya ta farko a cikin jiki, ƙirar injiniya Rune Elmqvist. Sa'o'i kaɗan ta yi ta mutu. Aka sake dasa wata, aka yi ta sakewa har guda 26. Larsson bai rasu ba sai 2001, yana da shekara 86, bayan likitan da injiniyan duk sun riga shi.

Na'urorin farko kurame ne, bugu kawai suke bayarwa ko zuciya na buƙata ko ba ta buƙata. A shekarun 1960 aka ƙera masu saurare, waɗanda ba sa sa baki sai zuciya ta yi jinkiri. To amma mai kunne ana iya ruɗa shi. Idan likita ya kunna wuƙar lantarki da ake ƙona jijiya da ita don tsayar da jini, na'urar kan ɗauki hayaniyar a matsayin bugun zuciya, sai ta naɗe hannu, alhali zuciyar ita take jira.

Maganin da aka samo ɗan makunni ne: siraran ƙarafa biyu cikin bututun gilashi. Da an ɗora maganaɗisu a ƙirji sai su haɗe, na'urar ta toshe kunne ta riƙa bugu iri ɗaya tak. Ta kamfanin Medtronic kan buga 85 a minti, idan batir ya kusa ƙarewa ta sauko 65, don haka da zoben nan likita kan gane lafiyar batir ma. Har ya zama al'ada: mai na'ura ya zo tiyata, a ɗora masa maganaɗisu.

Al'adar ta fara tangal-tangal a 1980, lokacin da aka dasa ƙirar Michel Mirowski a asibitin Johns Hopkins na Amurka, na'urar da ke jan zuciya da lantarki idan bugunta ya hargitse. A irin waɗannan, maganaɗisu jan lantarkin kawai yake dakatarwa, ba ya taɓa tsarin bugu. Wanda ya ɗora zoben ya saki jiki, ya cire wa majiyyaci garkuwa guda bai ba shi wata ba. Shi ya sa ake ajiye injin farfaɗo da zuciya a kusa.

A Gana, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar aikin zuciya ta Korle Bu da ke Akra a 1989. Mutumin arewa da aka dasa wa na'ura a Akra kan dawo gida, tafiyar kilomita wajen 600, wata rana ciwon gwaiwa ya kai shi gaban likitan da bai taɓa ganin sa ba. Aiki ƙasa da cibiya da sauƙin haɗari, amma tambayar farko ba ta canzawa: “Baba, wace iri aka sa maka? Ina katinka?”

Yanzu maganaɗisu ya bi mutane har aljihu. Sai a 2011 Amurka ta amince da na'urar farko da ke jure injin hoton MRI mai aiki da maganaɗisu, a 2021 kuma hukumar FDA ta ja kunne cewa wayoyi irin iPhone 12 su nisanci na'urar da santimita 15.

Duk mai dattijo da na'ura a ƙirji, ya cire masa waya daga aljihun gaban riga, ya sa katin na'urar a cikin jakar da zai tafi da ita asibiti.