Uban da Ya Hana Boko, 'Yar da Ta Rubuta Shi

Akan ce finafinan iyali na Kano sun aro mugun uba daga finafinan Indiya. Tarihin Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammed, ya nuna cewa a cikin gida aka san shi tun farko.

Tana ƙarama mahaifinta ya cire ta daga makarantar firamare, aka aurar da ita tana da shekara 13. Auren bai ɗore ba. Bayan ta dawo gida ne ta koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci, da goyon bayan mahaifiyarta. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, yarinyar da ubanta ya raba da makaranta ya ba wa dattijo, ta gudu ta nemi ilimi da kanta.

A Alhaki Kuykuyo Ne kuma, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya kori matarsa Rabi da 'ya'yansu tara saboda amarya. Rabi ta riƙe gidan da sayar da abinci, shi kuwa gobara ta cinye dukiyarsa. An mai da littafin fim a 1998, shekara takwas bayan Turmin Danya ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo na Hausa.

Labarin ya zo a kan gaɓa. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka shiga rage ma'aikata, wasu suka rufe. Magidanta da yawa suka rasa albashi, amma ikon yanke hukunci a gida yana hannunsu. 'Yan kallo sun san irin wannan gida, inda uwa ke ciyarwa, uba ke zartarwa.

Abin lura shi ne Balaraba ba ta hallaka Alhaji Abdu ba. Ta dawo da shi hannu rabbana, dangi suka matsa wa Rabi ta karɓe shi. A al'ummar da ke ganin albarkar ɗa tana bakin iyayensa, 'ya ba ta gurfanar da mahaifinta a bainar jama'a. Labari ne ya ba Balaraba damar faɗin laifin dalla-dalla, ta kuma nuna cewa ko da uban ya faɗi, matar ce ake sa ta ɗauki nauyin sulhu.